Na'urar Numfashi Ba Ta Cika Sai da Ɗakin Gwaji

Sanin kowa ne cewa ƙasar Funtua da Malumfashi ƙasa ce ta noma. Daga faɗuwar damina zuwa kaka manomi ba ya rabuwa da gonarsa ta masara ko dawa ko auduga, kuma a yau da wuya a sami gidan da babu tankin feshi da kwalbar maganin ƙwari. Wannan aiki shi ke ciyar da jama'a, amma yana tafe da haɗurransa. Wasu magungunan ƙwari, idan suka shiga jiki da yawa, sukan shanye jijiyoyin da ke motsa ƙirji har numfashi ya gagara. Raunin fartanya ko na ƙusa da aka rufe da ƙasa yakan jawo tetanas, wato ciwon sarƙe-haƙora. Akwai kuma haɗarin mota a manyan hanyoyin da suka haɗu a Funtua, da jijjigar masu juna biyu. Duk wanda ɗaya daga cikin waɗannan ya kai shi gargara, makomarsa ita ce sashen kulawa ta musamman a babban asibiti, irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. A can ne za a zura masa bututu ta baki zuwa maƙogwaro, a haɗa shi da na'urar da za ta riƙa hura masa iska har jikinsa ya farfaɗo.

Tun daga shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta game duniya, sunan wannan na'ura ya shiga bakin kowa, kuma aka riƙa auna ƙarfin asibiti da yawan na'urorin da ya mallaka. To, abin da ba a cika faɗa ba shi ne, na'urar tana da tata cutar, wato namoniyar da kan kama majinyaci saboda bututun da ke maƙogwaronsa. Gane wannan cuta aiki ne na ɗakin gwaji. Saboda haka duk hukumar da ta sayi na'urar numfashi ta bar ɗakin gwaji babu kayan aiki da ma'aikata, rabin aiki ta yi.

Yadda Bututu Ke Buɗe wa Cuta Ƙofa

Jikin ɗan Adam yana da masu gadi a kan hanyar iska. Hanci yana tace ƙura. Tari yana fitar da abin da ya kauce hanya. Akwai kuma wasu 'yan ƙananan gashi a bangon maƙogwaro da ke tura majina zuwa sama dare da rana ba tare da mutum ya sani ba. Idan aka zura bututu, duk waɗannan masu gadi an tsallake su. Majinyaci yana kwance, an ba shi maganin barci, ba ya iya tari. Yawu da majina sukan taru a saman ɗan balan-balan ɗin da ke riƙe bututun, sannan su riƙa zirarewa kaɗan-kaɗan zuwa huhu ɗauke da bakteriya. Shi kansa bututun, cikin 'yan kwanaki bakteriya kan lulluɓe cikinsa da wata irin yauƙi da magani ba ya ratsawa sosai.

Likitoci sun ajiye ƙa'ida cewa duk namoniyar da ta ɓulla bayan majinyaci ya wuce awa 48 a kan na'ura, ita ce ake danganta wa na'urar. Ƙwayoyin da suka fi haddasa ta su ne Pseudomonas aeruginosa da Acinetobacter baumannii da Klebsiella pneumoniae da Staphylococcus aureus. Waɗannan 'yan gida ne a asibiti, suna zama a famfo da gado da hannun ma'aikaci, kuma da yawa daga cikinsu sun saba da magunguna har ba sa jin su. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin bakteriyar da suka fi barazana ga ɗan Adam, kuma ukun farko da aka ambata suna cikin rukunin da ke saman jerin.

Matsalar ta girmi yawancin masu karatu. Sashen kulawa ta musamman ya samo asali ne daga annobar shan inna da ta auka wa birnin Kofanhegan na ƙasar Danmak a 1952, inda wani likita mai suna Bjorn Ibsen ya sa aka riƙa hura wa marasa lafiya iska ta bututu, ɗaliban likitanci suna matsa jakar roba da hannu dare da rana. Dabarar ta ceci rayuka masu yawa. Da ta yaɗu a duniya, sai likitoci suka lura cewa huhun da ya daɗe da bututu yana saurin kamuwa.

Me Ya Sa Ganewa Ke da Wuya?

Mai karatu zai iya cewa ai namoniya sananniyar cuta ce, ga zazzaɓi, ga tari, ga ciwon haƙarƙari. Haka ne ga mutumin da ya zo asibiti da ƙafarsa. Wanda ke kan na'ura kuwa ba ya magana, ba ya tari, ba ya nuna inda ke masa ciwo. Abin da ya rage wa likita shi ne zafin jiki, da yawan fararen ƙwayoyin jini, da majina mai ruwan ɗiwa, da inuwa a hoton ƙirji. Kowace ɗaya daga cikin alamomin nan tana iya zuwa daga wani wuri dabam. Zazzaɓi na iya zama na cizon sauro, ko na ciwon mafitsara, ko na rauni. Inuwar hoto na iya zama ruwa ne ya taru saboda raunin zuciya, ko wani ɓangaren huhu ne ya lotsa, ko jini ya kwanta bayan haɗari. Wanda ya sha maganin ƙwari ma, gubar da kanta tana cika masa ƙirji da majina. Binciken da aka yi a Turai, inda aka gwada hukuncin likitoci da abin da aka tarar a huhun waɗanda suka rasu, ya nuna cewa alamomin nan kaɗai suna yawan ɓatar da likita, wani lokaci ya ga cuta inda babu, wani lokaci ta wuce shi.

To, sai a ce a ɗebo majina a duba. Nan ma akwai tarko. Maƙogwaron duk wanda ya yi kwanaki da bututu ba ya rasa bakteriya, ko yana da namoniya ko ba shi da ita. Manomi zai fi kowa fahimtar wannan. Babu gonar da ba ta da ciyawa, kuma ganin tsiro ɗaya na ƙuduji bai isa a ce gona ta lalace ba. Abin tambaya shi ne yawansa, da ko ya danne shuka. Haka abin yake a huhu. Samun bakteriya daban, cuta daban.

Saboda haka masana suka koma ga ƙidaya. Akan zura wani siririn bututu mai fitila zuwa can cikin huhu, a zuba ruwan gishiri mai tsabta, a tsotso shi, a shuka shi a faranti mai ɗauke da abincin bakteriya. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai a ƙirga ɗigon da suka tsiro. Idan sun kai 10,000 a kowace mililita ɗaya ta ruwan wankin, akan ɗauka namoniya ce. Idan kuwa daga maƙogwaro aka tsotso majinar kai tsaye, ma'aunin yakan hau zuwa 100,000 ko ma 1,000,000, domin can bakteriyar da ke zaune kawai sun fi yawa.

An yi muhawara mai tsawo kan wace hanya ta fi. Wani gwaji da aka buga a shekarar 2000 daga ƙasar Faransa, a kan majinyata 413, ya nuna cewa ɗebo samfur daga can cikin huhu ya rage yawan maganin da ake bayarwa, ya kuma rage mutuwa a mako biyu na farko. Amma wani gwajin da masu bincike na Kanada suka jagoranta, aka buga a 2006, a kan majinyata 740, bai ga bambanci tsakanin wannan hanya da tsotso majina daga maƙogwaro ba. Har yanzu ƙa'idojin Amurka na 2016 sun karkata ga hanya mai sauƙi, na Turai na 2017 kuwa sun karkata ga ƙidaya daga cikin huhu. Wannan saɓani albishir ne ga asibitocin Arewa, domin yana nufin ko asibitin da ba shi da bututu mai fitila yana iya yin aiki mai inganci da tsotson maƙogwaro, muddin akwai wanda zai duba shi. Abin da ɓangarorin biyu suka haɗu a kai shi ne a ɗebi samfur kafin a fara sabon magani.

Sabon Ilimi Game da Mazauna Huhu

Shekara da shekaru littattafan kimiyya suna koyar da cewa huhun mai lafiya fes yake, babu ƙwaya ko ɗaya a ciki. Wannan magana ta faɗi. Tun daga wajen 2010, masu bincike da suka yi amfani da na'urorin karanta ƙwayoyin gado suka gano cewa huhun mai lafiya yana ɗauke da bakteriya iri-iri, 'yan kaɗan, mafi yawansu daga baki suke gangarowa lokacin barci. Hanyar da ake bi ita ce karanta wani ɗan yanki na gadon bakteriya da ake kira 16S, wanda kowace bakteriya ke da shi amma da ɗan bambanci, kamar yadda kowa ke da babban yatsa amma zanen kowa daban.

Da aka duba huhun masu kwance a kan na'ura ta wannan hanya, sai aka ga wani tsari. Yayin da kwanaki ke tafiya, ire-iren bakteriyar suna raguwa. Idan namoniya ta kama, galibi iri ɗaya ne ke mamaye wurin, jimillar yawan ƙwayoyin kuma ta hau. Wato huhu mai lafiya kamar kasuwar ƙauye yake, kowa da 'yar rumfarsa. Huhu mai namoniya kuwa ɗan kasuwa ɗaya ya kori sauran. Daga nan aka fara tunanin cewa auna wannan raguwa na iya zama sabuwar hanyar gane cutar. A 2019 wasu masana a birnin Norwich na Ingila suka nuna cewa ana iya karanta gadon ƙwayoyin da ke cikin majina a faɗi sunansu cikin kimanin awa 6, alhali shuka a faranti da gwajin magani sukan ci kwana biyu zuwa uku.

Wannan ci gaba ne na haƙiƙa, kuma ya kamata jami'o'in Arewa su shiga cikinsa da hannu biyu. Sai dai hanyar tana da iyaka. Na'urar tana karanta gadon ƙwaya mai rai da na matacciya ba tare da ta bambanta su ba. Saboda bakteriyar huhu kaɗan ne, ɗan gurɓataccen sinadari na iya ba da amsar ƙarya. Karanta 16S kaɗai ba ya faɗar wane magani zai yi aiki. Ga tsada, ga buƙatar wutar lantarki da ba ta yankewa da firji da ƙwararru a kan kwamfuta. Ko a ƙasashen da suka ƙirƙiro ta, auna ire-iren bakteriyar huhu bai zama aikin yau da kullum a gefen gadon majinyaci ba tukuna. Wanda bai iya shuka a faranti da tsabta ba, babbar na'ura ba za ta gyara masa hannu ba.

Darasi Daga Zariya da Malumfashi

Kada ɗalibi ya ɗauka cewa neman ƙwayar cuta a cikin huhu baƙon abu ne a wannan ƙasa. A 1975 Tugwell da Greenwood, suna aiki a Jami'ar Ahmadu Bello, suka buga bincike kan gano alamar ƙwayar namoniya a jikin majinyatan Zariya ta wata hanya mai sauri da ke amfani da wutar lantarki. A 1977 kuma Silverman da abokan aikinsa suka duba yara 88 masu tsananin namoniya. Da suka ɗebo samfur da allura kai tsaye daga ɓangaren huhun da ya kamu, sun gano musabbabin ciwon a yara 70. Shuka jini kuwa ya ba da amsa ne a yara 4 kacal cikin 36 da aka gwada. Yaran nan ba a kan na'urar numfashi suke ba, amma darasin ɗaya ne, wato amsa tana wurin da ciwon yake.

A wannan zamani ne kuma aka kafa shirin binciken cututtukan da suka zauna da gindinsu a ƙasar Malumfashi, da haɗin gwiwar Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful. Marigayi Farfesa Umaru Shehu yana cikin marubutan rahotonsa na farko a 1977. An bi ƙauyuka ana nazarin tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da sarar maciji, kuma abin da aka gano ya shiga mujallun duniya. An yi wannan duka babu intanet, babu na'urar karanta gado. Madubin likita ne, da faranti, da littafin rajista, da mutanen da suka san aikinsu. Ƙasar da ta yi haka kusan shekara hamsin da suka wuce ba ta da hujjar cewa duba majinar majinyaci ya fi ƙarfinta a yau.

Hujjar Masu Cewa a Ba da Magani Kawai

Akwai masu ganin cewa duk wannan ɓata lokaci ne. Majinyaci yana bakin mutuwa, 'yan uwansa sun sayar da buhunan masara ko sa don biyan kuɗin gado, me zai hana a ɗura masa magani mafi ƙarfi a huta? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin jinkirta magani ga wanda jininsa ya riga ya gurɓata kisa ne, kuma babu likitan kirki da zai zauna jiran faranti kwana uku a irin wannan hali. Amma ɗibar samfur ba ta wuce 'yan mintoci. A ɗiba, a fara magani, sannan idan sakamako ya fito a gyara. Idan ƙwayar tana jin ƙaramin magani a sauka zuwa gare shi, idan babu namoniya a dakatar a nemi ainihin abin da ke kawo zazzaɓin.

Rashin yin haka yana da farashi uku. Na farko, majinyacin da aka yi wa maganin cutar da ba shi da ita, tasa cutar ta gaske tana nan tana cinsa, wasu magungunan kuma suna taɓa ƙoda. Na biyu, kuɗin iyali. Allurai masu ƙarfi suna cikin mafi tsada a asibiti, kuma wani gwaji na Faransa da aka buga a 2003, a kan majinyata 401, ya nuna cewa ga mafi yawansu kwana 8 na magani ya yi daidai da kwana 15. Na uku, wanda ya fi muni, shi ne bijirewar ƙwayoyin cuta. Duk lokacin da aka zuba magani mai ƙarfi ba bisa buƙata ba, raunanan ƙwayoyi su mutu, masu taurin kai su gaje gadon, su jira majinyaci na gaba. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka gwada da yawan jama'a.

Wannan bijirewa ba a asibiti kaɗai ake renonta ba. Wanda ya sayi kafso biyu a kemis ya sha don mura, da mai kiwon kaji da ke zuba magani a ruwan sha kullum, da makiyayin da ke yi wa sa allura ba tare da likitan dabbobi ba, kowa yana ƙara mata taki. Ranar da ɗan gidan ya kwanta a kan na'ura, da waɗannan ƙwayoyin zai je asibiti.

Abin da Ya Kamata a Yi

Mataki na farko bai fi ƙarfin kowane babban asibiti ba. Tun 1884 wani likitan Danmak, Hans Christian Gram, ya fito da hanyar rina bakteriya wadda ke raba su gida biyu, masu riƙe launin shunayya da masu komawa ja-ja. Aikin ba ya kai awa ɗaya, kuma yana nuna ko akwai fararen ƙwayoyin jini a majinar, da siffar bakteriyar da ta fi yawa. Wani gwaji na ƙasar Japan da aka buga a 2022, a kan majinyata 206 masu wannan namoniya, ya nuna cewa zaɓen magani bisa rinin Gram ya warkar daidai da bin ƙa'idar da aka saba, ya kuma rage amfani da magunguna masu faɗin aiki. Ya kamata duk sashen kulawa ta musamman ya sami mai yin wannan rini dare da rana, har ranakun hutu.

Mataki na biyu shi ne shuka a faranti da gwajin magani ba tare da yankewar kayan aiki ba, sannan kowane asibiti ya riƙa tattara sakamakonsa duk shekara don likitocinsa su san ƙwayoyin da ke yawo a ɗakunansu da maganin da suke ji. Ƙwayoyin Shika ba lallai su zama irin na Landan ba, kuma littafin da aka rubuta a can ba zai faɗi wannan ba. Na uku shi ne rigakafi, wanda ya fi magani: wanke hannu kafin taɓa majinyaci, ɗaga kan gado zuwa digiri 30 ko 45, goge masa baki da haƙora, rage maganin barci, da cire bututu da zarar ya iya numfashi da kansa. Sai bayan waɗannan sun kafu ne na'urar karanta gado za ta sami ƙasar da za ta tsaya a kai, kuma wurinta na farko shi ne asibitin koyarwa, inda za a gwada sakamakonta da na faranti. Duk lokacin da gwamnati ko mai hannu da shuni zai ba da kyautar na'urar numfashi, ya dace a tambaye shi, a kuma rubuta a kasafi, nawa aka ware wa madubi da faranti da sinadari da albashin mai gwaji.

Kira ga Malamai da Ɗalibai

Malamin bayoloji a makarantar sakandare ta Funtua ko Bakori ko Malumfashi yana da rabonsa a nan. Idan akwai madubin likita ɗaya a makaranta, a fito da shi daga kabad, ɗalibai su ga abin da ke cikin ɗigon ruwan kududdufi da idonsu. A koya musu cewa ba kowace bakteriya ce abokiyar gaba ba, kuma ba kowane zazzaɓi ne ke buƙatar kafso ba. A koya musu sa takunkumi da safar hannu wajen feshi, da karɓar allurar rigakafin tetanas, domin gadon da ba a hau ba ya fi kowane gado lafiya.

Ɗalibai kuwa, yawancin masu son kimiyya burinsu su zama likita, kuma buri ne mai kyau. Amma su sani cewa akwai fannin kimiyyar gwaje-gwajen asibiti da fannin nazarin ƙananan halittu a jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato. Likitan da ke tsaye a kan manomin da ke kwance da bututu a maƙogwaro, wanda zazzaɓinsa ya tashi a kwana na biyar, tambaya ɗaya ce a ransa: namoniya ce ko ba ita ba ce, kuma wane magani za ta ji? Mai ba shi amsa yana can ɗakin gwaji, idonsa a kan madubi. Yankin da ke tura majinyata zuwa Shika da Kano da Katsina ya kamata ya riƙa tura masu wannan aiki su ma.